Gurbi Ɗaya a Tandar Saratu

Na gode wa Allah da ya ba ni shekara arba'in da ɗaya tare da Saratu, har da ukun ƙarshe, waɗanda da an tambaye ni a lokacin da na ce a ɗauke mini su. 'Yarmu Ladi ce ta matsa mini in rubuta wannan, wai ko wani zai karanta ya farga da wuri fiye da yadda na farga. Ni dai ba marubuci ba ne. Sunana Ishaku, direban bas ne ni, na yi shekara ashirin da bakwai ina zagaya kudancin Landan kafin in ajiye aiki. In na kauce hanya a yi mini haƙuri, zan dawo.

Duk mai jin Hausa a Catford ya san Saratu da masa. Daga Bauchi muka zo, kuma ranar da ta biyo ni ƙasar nan rabin nauyin akwatinta tanda ce, ta baƙin ƙarfe, mai mariƙi ɗaya da gurbi bakwai, ɗaya a tsakiya shida sun kewaye shi. Tun a filin jirgi na fara yi mata tsiya, na ce mutane suna zuwa Ingila da takardun makaranta, ke kin zo da tanda. Ta ce to, ranar da yunwa ta kama ni in soya takarduna in ci.

Wanda bai taɓa tsayawa ya kalli mai suyar masa ba, ba zai gane abin da muka rasa ba. Za ta bi gurbi bakwai da mai, ta bi su da ƙullu, kafin ta cika na bakwai na farko ya isa juyi. Tana yi waya na maƙale a kafaɗarta, miyar taushe na tafasa a gefe, tana kuma faɗa da Ladi a kan takalman da ta watsar a ƙofa. Ni da nake alfahari da kallon madubi uku da ƙofa biyu da masu keke a lokaci guda, na sha gaya mata ta fi ni. Ba sayarwa take yi ba. Kirsimeti, taron matan zumunta a coci, suna, biki, duk ita ce. Mu Kirista ne, amma duk ranar Sallah sai ta cika kula ta hau bene ta kai wa Hajiya Adiza, 'yar zangon Kumasi da ke zaune a samanmu, wadda suka yi aikin sharar ofisoshi tare tun suna da ƙarfi. Shekara talatin ba ta taɓa fashi ba.

Abin ya fara ne saura mako ɗaya Kirsimeti. Ina falo na ji ƙauri. Na shiga kicin na tarar da gurbi uku sun ƙone ƙurmus, biyu mai ne kawai yake hayaƙi a cikinsu, ita kuma tana tsaye da ludayi a hannu tana kallon wata kurciya a kan katanga. Na ce, "Maman Ladi, lafiya?" Ta zabura ta ce gas ɗin ne ya yi ƙarfi. Na yarda. Har tsaki na yi wa murhun.

Makonnin da suka biyo baya gidanmu ya cika da ayyuka rabi-rabi. Tsintsiya a jingine tsakiyar falo da shara a gindinta. Famfo yana zuba a kan kwanukan da aka fara wankewa. Za ta je kasuwa sayen abu uku ta dawo da ɗaya, da wani abin da ba mu bukata. Ranar Lahadi sai ta baje zannuwa a kan gado ta tsaya a kansu, ni ina bakin ƙofa ina karkaɗa makullin mota. Sau biyu muna shiga coci an gama wa'azi.

Ina da saurin fushi, ban taɓa musu ba. Wata safiya na taka ruwan da ya malalo daga kicin, raina ya ɓaci, na ce, "Wai ke da tsufa lalaci ya kama ki ne?" Saratu da ba ta taɓa barin maganata ta faɗi ƙasa ba, ranar sai ta bar ta ta faɗi. Ta ɗauki tsumma ta durƙusa. Har yau in na tuna wannan maganar sai in ji kamar in tsine wa bakina.

Abin da ya ruɗe ni shi ne ba ta manta komai ba. Ta san sunan kowa. Ta san wa ya auri wa a ƙauyenmu, da 'ya'yan da suka haifa, da wanda ya ci bashin akuya bai biya ba tun muna yara. Na sha ɗaukar tsofaffin Turawa a bas waɗanda suka manta inda za su sauka, ni a sanina ciwon tsufa ke nan, mutum ya manta gidansu. Matata kuwa ita take tuna mini ranar shan maganina.

Hajiya Adiza ce ta fara tare ni, a kan matakala. Hausarsu ta zango ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "shi" ne.

Ta ce, "Baban Ladi, Saratu ba shi lafiya fa."

Na ce, "Haba Hajiya, ba yanzu kuka gama hira ba?"

Ta ce, "Hiran ne ya sa na faɗa. In na ba shi labari, zai bi ni rabi, sai ya sake ni. Mota ya wuce a titi, shi ke nan na ɓata mishi. Kai shi asibiti."

Na yi booking wajen likitan unguwa, bayan kwana huɗu ina buga waya da ƙarfe takwas ana ce mini layi ya cika. A nan na tafka kuskuren da ya sa nake wannan rubutu. Likita ya tambaye ta yaya jiki, ta yi murmushi ta ce lafiya lau, mun gode Allah. Ya juyo wajena, ni kuma maimakon in buɗe baki in faɗi ƙonannar masa da famfo da tsintsiya, sai na ce gajiya ce kawai. Ta yaya zan tona wa matata asiri a gaban yaron da bai wuce sa'an Ladi ba, tana zaune tana ji? A wajenmu ko mutum yana kan gargara ka ce masa yaya jiki, "da sauƙi" zai ce, mai tambaya ya san sauran. Likitan nan kuwa abin da ka faɗa shi yake rubutawa. Ya auna jininta ya ce ya hau, ya ƙara mata magani, minti goma suka cika muka fito. Wata huɗu muka yi asara a kan wannan "lafiya lau" ɗin.

Dangi ma ba su taimaka ba, ko da yake da zuciya ɗaya suka yi. Na ɗan tsegunta wa yayanta, Yaya Bitrus, da ke Bauchi, a waya. Ya ce in ba shi ita. Suka gaisa, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwa, yaya wance da wane, ta bi gidan ɗaki-ɗaki ba ta tsallake kowa ba. Ya ce in karɓa. Ya ce, "Ishaku, ku ji tsoron Allah. Wannan ce mara lafiya? Ta fi ni hankali. Zaman ɗaki ne da sanyin ƙasarku, ka turo mana ita ta sha rana." Bai san gaisuwa hanya ce da ta bi fiye da shekara sittin ba, ko ido rufe za ta kai. Da zarar an gama gaisuwa aka yi mata tambaya mai reshe biyu, sai ta miƙo mini wayar ta ce ba ta ji sosai. Wata ƙanwata ta ce hannu aka sa mata saboda farin jininta a coci. Wani ya aiko da garin zogale, wata da man shafawa da aka yi wa addu'a. Duk mun karɓa, mun gode, mun yi amfani da su.

Ranar Asabar ɗin Ista na fita aski. Saratu ta ɗora tanda ta zuba mai ta kunna wuta, sai aka danna ƙararrawa, mai kawo saƙo ne. Ta karɓi kwalin, ta ga furen bakin ƙofa ya yi yaushi, ta tsaya tana cire masa busassun ganye. Ƙarar na'urar hayaƙi ce ta sauko da Hajiya Adiza, da ciwon gwiwarta da komai. Ta tarar tsumman da ke gefen murhu ya kama, wuta ta fara lasar labule. Ta kashe gas, ta jiƙa tawul ta danne. Ba wanda ya ji ciwo. Da na dawo na tarar da su biyun zaune a kan matakala, Saratu tana ta maimaita cewa minti ɗaya fa ta yi.

Ladi ta zo daga Croydon a ranar. A nan aka haife ta, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa, kuma ranar na sha Turanci. Tun yaushe? Me ya sa ban gaya mata ba? Na ce ban so in tayar mata da hankali ba. Ta ce yanzu ya kwanta ke nan? Ta zauna ta rubuta komai a takarda, abu bayan abu, ta kai mu wajen likitan nan ta miƙa masa ba tare da ta ce a yi haƙuri ba. Ni na ji kunya, shi kuwa nan take ya rubuta mana takardar zuwa asibitin masu duba ƙwaƙwalwa.

Sai jira. Mako goma sha ɗaya kafin wasiƙa ta zo. Ranar da aka ba mu, mun yi wanka mun shirya, shirin da ya ci mana awa biyu, muna cikin bas saƙo ya shigo wai an yi cancel. Na yi ta zage-zage a raina har muka sauka. Aka sake ba mu wata rana bayan mako biyar. Ba zan ce ba su da kirki ba, duk wanda muka haɗu da shi ya girmama ta. Amma a tsawon makonnin nan ko shago ba na iya zuwa sai da ita, kuma ba wanda ya kira ya ce yaya kuke ciki.

Likitar da ta gan mu dattijuwa ce mai sanyin murya. Ta tambayi Saratu rana da wata da inda muke, ta amsa. Ta ba ta kalmomi ta riƙe, ta dawo da mafi yawansu. Ina gefe ina hura hanci, ina cewa a raina ga shi nan, sun wahalar da mu a banza. Sai ta miƙa mata takarda da alƙalami ta ce ta zana agogo, ta sa lambobinsa, ta nuna sha ɗaya da minti goma. Saratu ta zana da'ira mai kyau. Ta fara jera lambobi, suka cunkushe a gefe ɗaya tun kafin ta kai rabi. Ta tsaya. Wani ya tura keken marasa lafiya a waje, ta ɗaga kai ta bi ƙarar, da ta dawo da idonta kan takardar sai ta dube ni. Wannan kallon ban san inda zan ajiye shi ba har yau.

Bayan hoton kai aka sake kiranmu. Likitar ta ce ƙananan hanyoyin jini ne a ƙwaƙwalwa suka yi ta toshewa a hankali, hawan jini ya taimaka. Ta ce dementia ce, amma irin wadda ba lallai ta fara da mantuwa ba. Kalmomi biyu na Turanci suka maƙale mini, executive function. Ta ce shi ne abin da yake tsara wa mutum me zai fara, me zai biyo baya, me zai ƙyale, da yadda zai koma kan aiki in an katse shi. Na ce, "Likita, bari in gani ko na gane. Garejin bas ne, motoci lafiyarsu ƙalau, direbobi duk sun zo, amma mai ba da hannu a tashi ba ya nan." Ta ce haka ne. Na tambaya ko yana dawowa. Ta ce a'a, sai dai a rage masa gudu, mu riƙe maganin jini da kyau.

Mako uku bayan haka wata ma'aikaciya ta zo gida ta ga yadda Saratu take gudanar da ayyukanta. Ta roƙe ta ta haɗa mata shayi. Saratu ta dube ni ta ce da Hausa, "Ni za a gwada da shayi?" Ta ɗora buta, ta ɗauko kofi, sai wasiƙa ta faɗo ta ramin ƙofa. Shayin bai haɗu ba. Matar ta ba ni shawarwari: abu ɗaya a lokaci guda, a kashe rediyo in tana aiki, kada in ce mata wanne kike so, in miƙa mata ɗaya kawai. Sannan ta ce za a sa wa bututun gas makulli, ba za a kunna murhu ba sai ina wajen. Aka zo aka sa. Aka danƙa mini ɗan ƙaramin makulli, ni da ban san inda gishiri yake a gidan ba.

Washegari da safe na ji tana ta murɗa kan murhu. Ta leƙo falo ta ce, "Baban Ladi, ina makullin kicin ɗina?"

Na ce, "Yana wajena. Me za ki dafa? In zo in buɗe miki."

Ta ce, "Bar shi."

Daga ranar ta daina shiga kicin. Ta naɗe tandar cikin tsohon zane ta tura ƙarƙashin gado. Ta koma zama bakin taga. Ni na koma mai girki, kuma Allah ya yafe mini abin da na ciyar da baiwar Allah nan, shinkafa mai tsakuwar ciki, miya kamar ruwan wanki. Tana cin loma uku ta ture. Zannuwanta suka fara yi mata yawa. Ladi ta fara kawo mini takardun gidajen kula da tsofaffi, tana ajiyewa a inda zan gani. Ban yi mata faɗa ba, na san tsoro ne. Ni ma tsoron nake ji, domin matata tana zaune a gabana amma kewarta nake yi. Ina kewar surutunta, da ƙarar ludayi a bakin roba, da yadda take kore ni in na shigo satar masa mai zafi.

Wata rana da yamma, ba tare da an tambaye ta ba, ta ce, "Sallar Adiza saura kwana tara." Lissafinta daidai ne. Sai hawaye. Ta ce, "Na san yadda ake yi, Baban Ladi. Komai na sani, ba abin da na manta. Amma in na tsaya a gaban tanda sai su taso mini gaba ɗaya, mai da wuta da ƙullu da kai da ƙofa, ban san wanda zan fara kamawa ba."

Duk bayanin likita bai shige ni kamar wannan ba. Na ce, "To koya mini."

Ta ce, "Kai? Namiji da furfura?"

Na ce, "Wa zai gani? Bitrus yana Bauchi."

Ta yi dariya, dariyar da na yi wata da watanni ban ji ba. Na yago kwali na ɗauko alƙalami, ta zauna ta zayyano mini tiryan-tiryan: a jiƙa shinkafar tuwo ta kwana, a dafa kaɗan a haɗa, a markaɗa da albasa, yis, sukari, gishiri, ɗan ruwan kanwa, a rufe a wuri mai ɗumi ya tashi. A baki ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ƙullun farko da na haɗa ta leƙa ta ce, "Wannan kunun wa za ka kai wa?" Na biyu ya ƙi tashi, ashe ruwan zafi na zuba wa yis ɗin. Na uku ta sa yatsa ta lasa ta ce, "To, ba laifi."

Ranar gwaji na kashe rediyo, na kashe wayoyi, na manna takarda a ƙofa cewa kada a danna ƙararrawa. Na ja labule saboda kurciyoyi. Na buɗe gas. Na ɗora hannunta na hagu a kan mariƙin tanda, na nuna mata gurbin da yake daf da shi, na ce wannan ne naki, sauran ba ruwanki da su. Na ce, "Mai." Ta zuba. Na ce, "Ƙullu." Ta zuba, daidai gwargwado, hannun bai manta ba. Muka yi shiru. Ni da aka sani da cika bas da surutu na haɗiye kowace magana. Da gefen ya yi ja na ce, "Juya." Ta sa cokali ta juya, masa ta fito jawur, ta kumbura kamar ta da. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta ɗauka ta raba biyu ta miƙo mini rabi.

Safiya guda muka yi muna soya ɗaya bayan ɗaya, gurbi shida a banza. Kafin ranar Sallah na koyi tafiyar da shidan a gefena, shiru, ita tana kan nata. Rabin nawa sun ƙone, mun ɓoye su a ƙasan kula. Ita ta hau bene da kanta ta ƙwanƙwasa. Hajiya Adiza ta buɗe, ta dubi kular, ta dube ni da garin shinkafa a gemu, ta ce, "Saratu, ka samu ɗan aiki ke nan." Suka rungume juna suna kuka suna dariya.

Kalmomin nan uku suka zama hanyarmu ta komai. Ranar Lahadi in ajiye kaya ɗaya a kan gado in ce riga, sai zane, sai ɗankwali. Muka daina makara. Duk Asabar muna suya, ko ba mai ci. Ta koma cin abinci, ta ɗan murmure. Takardun Ladi suka ɓace daga kan tebur, ban tambayi inda suka je ba.

Ba zan yi ƙarya in ce ta warke ba. Ciwon nan matakala ne, sai a daɗe a kan guda, rana ɗaya a wayi gari an sauka. A sanyin shekara ta biyu ta tashi bakinta ya ɗan karkace, muka kwana biyu a asibiti, awa tara na farko a kan gado a baranda. Da muka dawo ludayi ya gagare ta, sai ni nake zuba mata, ita ta juya. Council, wato ƙaramar hukumar unguwarmu, suka fara turo masu kula da safe su yi mata wanka. Fuskoki suna ta canzawa, wata ta zo da wuri wata ta zo rana tsaka, kuma kowace sabuwa sai na roƙe ta kada ta cika ta da tambayoyi. Akwai wata 'yar Jamaika da ta gane tun ranar farko, Allah ya saka mata. Wani ɓangaren mu muke biya, a nan ɗan abin da muka tara don ƙarasa gininmu na Bauchi ya tafi. Saratu ta sha cewa a tsakar gidan za ta kafa murhun itace ta soya masa ta gaskiya. Ginin yana nan a iya taga, ciyawa ta cinye shi.

Daga baya juyin ma ya gagara, sai dai ta riƙe mariƙi. Daga baya tsayuwar ta gagara, na kawo mata kujera kusa da murhu. Ta rage magana ƙwarai, sai ta wuni ba ta ce komai ba. Amma wata Asabar ina fama da gurabena, na zuba a nata don kada ya zauna haka, na shagala, sai na ji murya a bayana ta ce, "Juya." Na waiga. Idonta a rufe yake, da hanci da kunne take bin suyar. Na juya, ta yi daidai. Tun daga ranar ita take ba ni hannu a kan wannan gurbin, kuma ko sau ɗaya ba ta yi kuskure ba.

Ta rasu ranar wata Talata da hantsi, kwana tara bayan babban bugun jinin da ya kwantar da ita. Ladi tana riƙe da hannu ɗaya, ni ɗaya. Ina godiya ga ma'aikatan jinyar da suka bar mu muka yi mata waƙa a ɗakin, da matan zumunta da suka yi ta kawo abinci, da Fasto, da Hajiya Adiza wadda ta kashe wuta a gidana ta kuma faɗa mini gaskiya a lokacin da ban so ji ba. Yaya Bitrus ya kira yana kuka yana neman gafara, na ce ba komai, ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita ma gaisuwa ta rufe mini ido. Wanda duk ya ga nasa yana fara aiki yana bari, kada ya jira sai ya manta sunansa. Kuma in kun shiga wajen likita, ku bar "da sauƙi" a bakin ƙofa.

Makullin gas ɗin yana nan cikin makullaina. An ce za a zo a cire, na ce a bari.

Da Sallar bana ta zo na jiƙa shinkafa, domin ban ga yadda zan haɗu da Hajiya Adiza a matakala hannu rabbana ba. Ladi ta zo taya ni. Na kashe rediyo, na ja labule, duk da ba wanda kurciya za ta ɗauke wa hankali. Na yi zubi biyu, ina na uku Ladi ta nuna da yatsa ta ce na bar ɗaya. Na duba, gurbin da ke daf da mariƙi a bushe yake, ko mai ban sa masa ba. Ban ma san ina tsallake shi ba.

Na kama hannunta na hagu na ɗora a kan mariƙin, na ba ta ludayi. Na ce, "Mai." Ta zuba. Na ce, "Ƙullu." Ta zuba, ya yi yawa, ya malalo. Muka yi shiru. Gefen ya yi ja, ina gani, amma na tsaya kunnena yana wajen kujerar da ke bayana. Ƙauri ya fara tashi.

Ladi ta taɓa mini hannu. Da Hausa ta ce, "Baba, juya."